Amsar muryata kan tambayar Mario ko Sonic

Salamu alaikum jama'a, yanzu na ji muryar Yaya da yake tambaya wai tsakanin gem ɗin Mario da na Sonic wanne ya fi. Yaya ka yi haƙuri, ni dai Super Mario Bros ne, na farkon nan na Nintendo da ya fito 1985. Sonic yana da gudu, ban musa ba, amma na'urar Sega da ake buga shi a kai a lokacin sai gidan masu hali, mu kuwa a Gangare ta Jos abin da ya iso mana shi ne Famicom ɗin nan na kwafi, wato na'urar gem ta Nintendo, da ake sayarwa a kasuwar Terminus tun kafin gobarar 2002, da kaset mai ruwan ɗorawa an rubuta gem dubu kaza a jiki, ka kunna ka tarar guda biyar ne ake ta maimaitawa.

Abin da ya sa har gobe nake girmama gem ɗin nan, wallahi bai taɓa yi mana bayani da Turanci ba kuma mun gane komai. Ku tuna farkon 1-1, wato matakin farko na duniyar farko, ka doki bulon nan mai alamar tambaya da kai, naman kaza ya fito ya gangaro ya bugi bututu ya dawo kanka, kana tsoro kana son kaucewa ya taɓa ka kawai sai ka ga ka yi girma, shi kenan ka koya, ba wanda ya ce maka uffan. Shigeru Miyamoto da mutanensa da suka ƙirƙiro gem ɗin sun san aikinsu.

Kuma fa babu ajiye inda ka tsaya. Duniya 8 ce, kowacce mataki 4, 32 kenan, in aka ɗauke wuta kana 8-3 gaban masu jifa da guduma sai dai ka dawo farko. Mu shida a ɗaki ɗaya cikin sanyin Disamba na Jos, yatsu sun ƙage, fad ɗin da ake dannawa biyu kacal, mai Luigi, ɗan wasa na biyu, yana zaune yana jiran Mario ya mutu, adafta ta yi zafi har sai mun ɗora ta kan siminti. In kaset ya ƙi tashi a cire a hura a mayar.

Sirrin ma baki da baki yake yawo, babu intanet. Wani yaro daga Anguwan Rogo ne ya nuna mana a 1-2 ka hau saman bulo ka bi ta sama har ka faɗa wurin bututu uku da za su kai ka duniya ta 2, 3 ko 4. Shi ne kuma ya koya mana in rai ya ƙare ka danne A ka buga Start, ka ci gaba daga duniyar da ka mutu. Ranar kamar mu goya shi.

Sai kiɗan Koji Kondo, in lokaci ya sauko 100 ya ƙara sauri, gabanka na faɗuwa. Ranar da na fara taɓa gatarin 8-4 gada ta rufta da dodon nan na ga gimbiya da idona, bayan sau bakwai ana ce mana tana wani gidan, ihun da muka yi sai da Hajiya ta fito da gudu ta ɗauka wani abu ne ya faru.

Yaya in tsohon Famicom ɗin naka yana nan a gida don Allah ka duba min ko fad ɗin na aiki, Asabar zan shigo da yarana, ina so su riƙe shi da hannunsu.