Amsa ga Hajiya kan toshewar hancin maigida

Assalamu alaikum warahmatullah. Hajiya, na saurari saƙonki inda kika ce hancin maigida ya kai wata biyar a toshe, majina mai kauri tana gangaro masa ta maƙogwaro, ya daina jin ƙamshin abinci, kuma kullum sai ya ɗiga Otrivin kafin ya iya barci. Allah ya ba shi lafiya.

Wannan ya wuce mura. Mura takan tafi cikin kwana 10, amma idan toshewa da majina da nauyin fuska da rashin jin ƙamshi suka haura mako 12, likitoci suna ɗaukarsa a matsayin daɗaɗɗen kumburin hanci da kogunan iska da ke cikin ƙashin fuska.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin ɗigawar nan. Otrivin da ire-irensa suna tsuke jijiyoyin jinin hanci ne, shi ya sa mutum yake samun sauƙi nan take, amma ba a so a wuce mako ɗaya ana amfani da su, domin da zarar ƙarfin maganin ya sake, hancin zai kumbura fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa, har maganin ya zama shi ne ke riƙe da cutar. Haka nan sayen maganin ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da an duba shi ba, asarar kuɗi ce a mafi yawan lokuta.

Shawarata ita ce maigida ya je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda zai sa siririyar na'ura mai haske ya leƙa ciki, ya gane ko tsiron nama ne, ko karkacewar guringuntsin da ya raba kafofin hanci, ko borin jiki saboda ƙurar hunturu da hayaƙin turaren wuta. Wani lokaci sai an haɗa da hoton CT, wato hoton na'urar asibiti da ke nuna cikin ƙashin fuska. Asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Kafin nan, ya riƙa wanke hanci safe da yamma: rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, ya shaƙa ya fyace kamar a alwala. Idan likita ya rubuta maganin feshi irin su mometasone, to aikinsa a hankali ne, yakan ɗauki makonni, kuma a nan mutane da yawa suke gajiya su ajiye shi. Tiyata sai magani ya gaza.

Amma idan toshewar ta gefe ɗaya ce tare da haɓo, ko ido ya kumbura, ko ya fara ganin abu biyu-biyu, don Allah kada ku jira, ku kai shi asibiti a ranar.