Amsa: me ya sa aƙiƙ ɗinka bai yi sheƙi ba

Malam, ka ce ka yi wata guda kana juya duwatsun aƙiƙ a gangar injin goge duwatsu tare da yashin kogin Binuwai, amma sun fito dishi-dishi. Matsalar tana wurin yashin. Taurin aƙiƙ ya kai kusan 7 a ma'aunin Mohs (ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10), yashin kogi kuwa mafi yawansa kwaz ne, wani dutse mai kama da gilashi, shi ma 7, to wa zai ci wani? Nemi garin silikon kabaid, wanda taurinsa ya wuce 9. Fara da mai kaushi, lamba 60/90, kada ka yi gaggawar wuce shi. Ni a nan Garwa nakan bar su mako uku ko fiye, har duk ramuka su ɓace. Sai lamba 220, sai 500 (lamba na ƙaruwa, garin na ƙara laushi), mako ɗaya-ɗaya, sannan garin sheƙi na alminiyom oksaid.

Cika gangar kashi biyu cikin uku, ruwa ya tsaya dab da saman duwatsun. Tsakanin kowane mataki ka wanke ganga da duwatsu tas, domin ƙwayar kaushi ɗaya ta taɓa ɓata mini aikin wata guda. Ranakun da aka ɗauke wuta kuma, kada ka lissafa su, tunda gangar ba ta juyawa.