Ku Tambaya, Mu Amsa: Wa Ke Gutsurar Wata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar aji huɗu ce a firamare. Na koya wa yara cewa inuwar duniya ce ke rufe wata, shi ya sa muke ganinsa yau siriri, gobe rabi, wata rana cikakke. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "To Malama, mene ne bambancin wannan da husufi?" Na rasa ta cewa. A fitar da ni kunya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gobe da safe ki kira yarinyar nan ki yaba mata a gaban aji, don ta kama mu dumu-dumu. Na ce "mu" saboda ni ma na yi shekaru da alli a hannu ina koyar da wannan kuskuren, har da zane a allo, ba wanda ya ce mini uffan. Sai wata rana da almuru ina tsaye ina kallon jinjirin wata a yamma, daidai saman inda rana ta faɗi, abin ya faɗo mini a rai. Inuwar kowane abu bayansa take faɗawa, ɓangaren da ba haske. In rana tana yamma, inuwar duniya gabas ta nufa. To ta ina za ta rufe watan da ke yamma? Ranar da kunya na kwana.

Ga yadda abin yake. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake ara. A kullum rabinsa mai kallon rana yana cikin haske, ɗaya rabin yana cikin duhu, kamar yadda duniya take da dare da rana. Abin da ke sauyawa shi ne ta inda muke hango shi, tunda kewaya duniya yake yi. In ya zo ɓangare ɗaya da rana, gefensa mai duhu ne ke kallonmu, sai mu neme shi mu rasa. Ya ɗan gota, mu ga bakin hasken, jinjiri ke nan. Bayan kamar mako guda ya zama rabi. Daren sha huɗu kuwa rana na faɗuwa yamma shi yana fitowa gabas, gefen hasken gaba ɗaya ya fuskanto mu. Daga jinjiri zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne, shi ya sa lissafin wata ke zuwa 29 ko 30.

Amma don Allah kada ki zuba wa 'yan shekara tara wannan bayani da baki, barci za su yi. Ki rufe tagogi aji ya yi duhu, ki ɗora fitila mai haske a kan tebur, ki soke ƙaramar farar ƙwallo a bakin fensir. Yaro ɗaya ya riƙe fensirin ya miƙe hannu. Fitila ita ce rana, ƙwallo wata, kansa kuma duniya. Ya fara da fuskantar fitilar: ƙwallon baƙi zai gan shi. Ya juya hagu a hankali, hannu a miƙe, sai haske siriri ya leƙo ta gefen dama, ya yi ta girma. Ki saurara, a nan yara ke cewa "Laa!" Sai dai mai riƙe da ƙwallon ne kaɗai ke ganin wannan sauyin yadda yake, don haka kowa sai ya taɓa, ko da darasin zai ci kwana biyu.

Amsar yarinyarki tana zuwa da kanta lokacin da yaron ya ba fitila baya. Inuwar kansa za ta faɗa kan ƙwallon ya yi duhu. Ki tsayar da shi nan ki ce, "Wannan shi ne husufin wata." Sannan ya ɗan ɗaga hannu sama, ƙwallon ya fita daga inuwar ya haskaka duka: cikakken wata. Haka yake a sama. Hanyar da wata ke bi a karkace take da kimanin digiri 5, don haka yawancin watanni ta sama ko ta ƙasan inuwar duniya yake wucewa. Husufin wata ba ya faruwa sai wata ya cika, kuma cikin 'yan sa'o'i ya yaye, sauyin siffa kuwa makonni yake ɗauka. In ƙwallon ya tare wa yaron fitila, husufin rana ke nan, kuma a nan ki ja musu kunne kada su kuskura su kalli rana da ido tsirara.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara shida ya dage cewa wata bin mu yake duk sanda muke cikin mota da dare. Me zan ce masa?

Amsa: Hajiya, ki ce masa idonsa lafiya lau, nisa ne ke masa wasa. Itacen bakin hanya kusa yake, sai ya wuce fiu. Dutsen da ke can nesa a hankali yake ja baya. Wata kuwa yana da nisan kimanin kilomita 384,000, duk gudun da motarku za ta yi bai isa ya sauya inda kuke hango shi ba. Da akwai titi zuwa can, motar da ke cin kilomita 100 a awa sai ta yi kwana 160 ba tsayawa. 'Yan sama jannatin kumbon Apollo 11 ma, a 1969, sai da suka yi kwana uku da wani abu a hanya.

Tambaya: Baba Malam, ina aji shida. Shin Zara, matar wata, tauraruwa ce? Yayana ya ce ba ita ba ce.

Amsa: 'Yata, wannan karon yayanki ya yi gaskiya, sai ki haƙura. Taurari na ainihi ranaku ne masu ƙona kansu su ba da haske, nisa ne ya sa suka zama ɗigo-ɗigo. Zara duniya ce, ɗaya daga cikin takwas da ke kewaya rana, ita ce ta biyu, mu na uku, kuma girmanta ya kusa na tamu. Gajimare mai kauri ne ya lulluɓe ta, shi ke maido da hasken rana har ta fi kowace tauraruwa haske, ita kuma iskar da ke ƙarƙashinsa ta riƙe zafi har ya haura digiri 450 a ma'aunin Celsius. Ki lura da ita: taurari na ƙyaftawa, ita haskenta a tsaye yake. Da asuba ko da almuru ake ganinta, domin hanyarta ta fi tamu kusa da rana, ba ta yin nisa da ita a sama. Auren nata da wata kuwa na ido ne kawai, don ko lokacin da ta fi matso mu, nisanta ya ninka na wata kusan sau 100.

Ga abin da za ki rama wa yayanki da shi: ki tambaye shi ko ya san Zara ma tana yin jinjiri, tana yin rabi. Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani da na'urar hangen nesa a 1610, kuma dalilin shi ne dai na ƙwallo da fitilar da na ba Malama a sama.