In ci bashi in sayi firinta saboda kati da tag ɗin Disamba?

Wata 'yar'uwa daga Agege ta turo min tambaya, tace ita tana haɗa katin gaisuwa da hannu, tana manna ƙyallen atamfa da ɗan ribon a jiki, tana kuma yin ƙananan tag da ake rataya wa a jikin kyauta. A sallar da ta wuce tayi kati 60 ta sayar da 22 a kan naira 1,000 kowanne, sauran suna nan a jibge. Yanzu ta ɗauki adashe naira 80,000, wata ƙawarta kuma na bata shawara ta ƙara da bashin manhajar waya ta sayi firinta da injin yanka takarda kafin Disamba, tunda lokacin ne kasuwar Legas ke buɗewa. Shine take tambaya ta ci bashin ko kuwa.

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a wannan hannu. Amsa ta a taƙaice itace kada ki ci bashin nan, kuma ko da kuɗinki ne zalla ban so ki sayi injin a bana. Ba wai ina raina sana'ar bane, wallahi sana'a ce mai kyau, sai dai matsalarki a yanzu ba ta rashin inji bace. Kinyi 60 kin sayar da 22, kinga hannunki ma ya riga ya fi kasuwarki sauri. In kika kawo inji abinda zai ƙaru shine yawan kayan da ke jibge a ɗaki, ga bashi na bin ki.

Su kuma waɗannan manhajojin bashi, da yawansu wa'adinsu gajere ne kuma kuɗin ruwansu mai nauyi, wasu in kika makara sai su fara tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayarki suna zubar miki da mutunci, abin har ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fito da ƙa'idoji a 2022 tace sai sunyi rajista. Sana'ar da kuɗinta ke shigowa da lokaci-lokaci, sallah, biki, ƙarshen shekara, bata jituwa da bashin da ake biya duk sati ko duk wata. In nan gaba kasuwa ta kankama kina buƙatar jari na gaske, akwai bankunan da basa harkar ruwa irin su Jaiz da Lotus da TAJ, akwai kuma asusun LSETF na gwamnatin Legas da aka kafa a 2016 don tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa mazauna jihar, shi sai kin karanta sharuɗɗansa da kyau. Amma duk wannan sai kina da littafin ciniki da zaki nuna.

Toh bari mu zo kan ainihin maganar. Mu mutanenmu gaskiya bamu cika sayen katin gaisuwa ba, barka da sallah a WhatsApp ake turawa kyauta, wanda zai cire dubu ya sayi kati sai mai son burge wani ko wanda zai haɗa da kyauta mai tsada. Amma tag labarinsa daban. Ki duba unguwarku kawai, mata nawa ne ke sayar da humra da turaren wuta, nawa ne ke yin cincin da kek da dubulan da alkaki, nawa ne ke ɗinka hijabi da mayafi suna turawa kwastoma a leda fara ba suna ba lamba. Duk waɗannan suna buƙatar ɗan abu mai kyau da za a rataya a wuyan kwalba ko a ɗaure a bakin leda, mai ɗauke da sunan sana'arsu da lambar wayarsu, kuma su ba ɗaya zasu saya ba, 50 ne ko 100, in ya ƙare su dawo. Ga masu biki, kamu, walima, suna, saukar Alƙur'ani, kowa na rabon kaya kuma kowa na son sunan amarya da ango ko na jariri a jiki. Maƙwabtanmu Yarbawa kuwa kin san yadda suke da rabon kaya a biki, kusan duk Asabar sai anyi owambe, wato shagalin bikinsu, a garin nan. Waɗannan sune kwastomominki, masu sana'a da masu hidima. Katin ki barshi ya zama sai an yi oda.

Mu ɗan yi lissafi, amma lambobin nan misali ne kawai, farashi a Legas baya zama wuri ɗaya, ke zaki sa naki na gaskiya. A ce kati ɗaya yana cin kayan naira 450, takarda da gam da ribon da ambulan, yana kuma cin miki minti 40 a zaune kina yanka kina mannawa kina jiran ya bushe. Kin sayar 1,000, saura 550. A awa uku kati huɗu ne da ɗan wani abu, wato wajen 2,200 kenan, in har duk sun shiga, kuma munga basa shiga duka. Yanzu ɗauki tag mai faɗin santimita 5 da tsawon 9. Takardar A4 tana da santimita 21 da 29.7, tana fitar da guda 12, A3 kuma ninki biyunta ce tana fitar da 24, amma saboda gefe da kuskuren yanka ki lissafa 20. Kinga odar tag 100 takarda biyar ce kacal. A ce bugawa ta ci 3,000, zare ko ribon 1,500, kuɗin mota 2,000, jimla 6,500. Kika sayar a 120 kowanne ya kama 12,000, saura 5,500 a kusan awa ukun nan dai na huda da zura zare, kuma kaya ne da an riga an biya fiye da rabin kuɗinsu tun kafin ki taɓa almakashi. In kika haɗa oda uku ko huɗu a tafiya ɗaya kuɗin motar ya rabu a kansu, ribar ta ƙaru.

Kinga a lissafin nan na sa lokacinki, dan Allah kada ki riƙa mantawa da shi. Mata da yawa masu sana'ar hannu in zasu yanka farashi kayan da suka saya kawai suke ƙirgawa, su ɗora ɗari biyu suce riba ce, alhali sun kwana a zaune baya na ciwo. Ki yanka wa kanki kuɗin awa, ko nawa ne, ki rubuta shi cikin kuɗin kaya kamar yadda zaki biya yarinyar da kika ɗauka aiki.

Maganar bugawa kuwa, Allah ya hutar dake sayen firinta tunda kina Legas. Shomolu cike take da masu buga takardu, layi-layi ne babu abinda ake sai wannan, in kin sauka a Onipanu ko Palmgrove kan titin Ikorodu kin iso. Ki tsara zanenki a waya da manhajar zane ta Canva, ki jera tag ɗin a shafi ɗaya, ki kai musu ko ki tura ta WhatsApp in kun saba. Ki ce takarda mai kauri kike so, 300gsm, domin takardar ofis da aka saba 70 ce ko 80, in kika rataya ta a kwalba lanƙwashewa take kamar ganye. Firintar gida mai araha ma sau da yawa bata iya jan takarda mai wannan kaurin, tawadarta kuma in ruwa ya taɓa sai ta zuba, ga tsadar tawada ga rashin wuta. Suna da injin yanka a wurin, ki biya ɗan abu kaɗan a yanke miki gaba ɗaya a miƙe, ke naki aikin shine abinda inji bazai yi ba, huda, zura zare, manna ɗan ƙyalle, ɗaure ribon. Nan ne kuɗinki yake. Kuma ranar farko kada ki bada aikin 100 ki tafi, ki tsaya a buga shafi ɗaya ki gani da idonki, saboda launin da ke waya da wanda ke fitowa a takarda ba ɗaya bane, ja yakan yi duhu, ruwan gwal kuma yakan fito kamar ruwan ƙasa.

Ribon, zare, ƙananan leda masu gam a baki, ambulan, waɗannan ki shiga Eko wajen Balogun da Idumota ki saya a sari, nadi guda ba yadi-yadi ba. Ƙyalle kuma bai kamata ki saya ba sam, telolin unguwa zubarwa suke, ki je wurin biyu ko uku ki ce su tara miki ragowar atamfa da shadda da leshi, in kin yi musu tag goma na shagonsu kyauta shikenan kun ƙulla. Wani abu da nake ganin zai fitar dake daban a kasuwar nan shine namu na arewa, ɗan yankin jar fata a maimakon ribon, ko zanen dagin arewa a kusurwa, ko ƙaramar jakar ƙyalle da za a sa kwalbar humra ko dabino bakwai a ciki. Masu yin tag a Instagram suna da yawa amma kusan duk zanensu iri ɗaya ne, fure da ruwan gwal.

Ki kula da danshi. Legas ba Kano bace, takarda in ta kwana biyu a buɗe musamman da damina sai ta sha laima ta kumbura, gam ya ƙi kamawa, wani lokaci har fumfuna ta fito a jikin ƙyalle. Ki samu robar da ke rufuwa ruf ki riƙa ajiya a ciki, kada ki ajiye a ƙasa ko jikin bango. Katunan nan 38 da suka rage ki duba su yau, in babu kwanan wata a jiki sallah mai zuwa zasu yi amfani, kuma daga yanzu duk abinda zaki yi ba da oda ba kada ki sa masa shekara.

Akwai abinda nake so ki riƙe da muhimmanci, tag ƙarshensa kwandon shara ne ko kwata, mutum zai cire ya yar. Saboda haka kada ki buga aya ko sunan Allah a jiki ko da kwastoma ta nema, ki lallaɓa ta ki nuna mata dalili, mun gode ko barka da sallah ya wadatar. Na Yarbawa Musulmi kuma ki sani babbar sallah Ileya suke ce mata, in kika sa E ku odun Ileya zasu ji daɗi, amma ki ba wanda ya iya yaren ya duba miki rubutun kafin a buga. Batun Disamba, in ranki bai kwanta da rubuta gaisuwar Kirsimeti ba ki tambayi malaminki ki bi abinda ya natsar dake, kasuwar watan bata tsaya a nan ba, bukukuwan aure sun fi yawa a lokacin, ga kamfanoni da shaguna na raba kwandunan kyauta na ƙarshen shekara wa abokan hulɗa, su kalmar godiya kawai suke so da tambarinsu. Sai dai masu haɗa waɗannan kwandunan tun Oktoba da Nuwamba suke neman masu yi musu tag, in kika bari sai Disamba ta shiga kin makara.

Kuɗin adashen nan ga yadda nake ganin ki taɓa shi. Kada abinda zaki fitar da farko ya wuce 25,000 zuwa 30,000, ki sayi abin huda takarda mai kyau, rula ta ƙarfe, reza, ribon kala uku, sannan ki buga samfur kala biyar ko shida. Ki ɗauki hotonsu da rana kusa da taga, a rataye a jikin kwalba ta gaske ko ledar cincin ta gaske, ba a shimfiɗe kan gado ba. Ki sa a sitatus, amma kada ki tsaya nan, ki ɗauki samfurin a jaka ki bi masu sana'ar da kika sani gida-gida, a islamiyya, a gidan suna, ki miƙa musu su taɓa da hannu. Sauran kuɗin ki barshi a asusu daban, ko Opay ko Moniepoint ko na banki, wanda ba a cefane da shi, shine zai riƙa ɗaukar odar da ta shigo.

Kuma ko 'yar ɗakinku ce, aikin da aka sa sunan mutum a jiki ba a fara shi sai da kafin alƙalami, aƙalla kashi 60 ko 70 cikin ɗari, wanda zai rufe kuɗin kaya gaba ɗaya. Tag mai sunan wata amarya in ta fasa karɓa babu wanda zaki sayar wa. Kafin ki kai bugawa ki tura hoton zanen ki ce ta duba suna da kwanan wata da lambar waya ta rubuto miki cewa yayi, ki ajiye saƙon, saboda rigimar wannan sana'a yawanci a kan harafi ɗaya take, an rubuta Aisha ita kuma A'ishatu take so, ko an juya lamba biyu a waya. Ki sa mafi ƙarancin oda guda 50, ƙasa da haka kuɗin mota ya cinye ki. Kuɗin mai mashin da zai kai kaya kuma na kwastoma ne, ki faɗa tun farko, daga Agege zuwa Lekki ko Ajah kuɗin kaiwa zai iya kusan kamo kuɗin kayan. In kince Alhamis zaki bada kaya to ki sa a ranki Talata zaki gama, gosulon garin nan da layin da ake yi a Shomolu cikin Disamba ba'a yi musu alkawari.

Rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba dole bace a makon farko, amma in kamfanoni suka fara nemanki zasu so su tura kuɗi asusu mai sunan sana'a, lokacin sai kiyi. Inji kuwa ki bari sai kin ga wata uku a jere oda na fin ƙarfin hannunki, kuma kuɗin da kike kaiwa masu yanka a wata ya kai a ce cikin 'yan watanni zai biya kuɗin injin, sannan ki saya da ribarki.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kowace oda, abinda ta ci, awa nawa ta ɗauka, nawa aka biya. A 'yan shekarun nan azumi wajen Fabrairu zuwa Maris yake kamawa, kinga kina fita daga hidimar Disamba sai shirin kayan buɗa baki da na sallah, masu rabon dabino da kayan azumi suma tag suke nema. Farkon Janairu ki turo min abinda ke cikin littafin mu duba tare muga wane kaya ne ya fi kawo miki kuɗi kafin ki sake sarin ribon.