Tambayoyinku kan Fasaha: Yadda ake ɗaukar hoton ƙananan tsuntsaye

Tambayoyin wannan makon duk daga jihar Kebbi suka zo, kuma kan abu guda suke: ɗaukar hoton ƙananan tsuntsayen nan masu kuka da safe, na gida da na daji.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai darbejiya a tsakar gidanmu a Birnin Kebbi. Kullum da safe wasu 'yan tsuntsaye masu shuɗin ƙirji da jan ɗigo a kunci suna sauka. Wayata megafiksel 50 ce, amma da na ja zum sai hoton ya fito dishi-dishi. Wayar ce ba ta da kyau?

Wa alaikumus salam. Asisi ke nan ka kwatanta, kuma namijin ne ke da jan ɗigon. Wayarka lafiyarta lau, nisa ne ya yi maka yawa.

Babban gilashin kyamarar waya an yi shi ne don ya ɗebo fili mai faɗi, kamar taron biki ko kasuwa. A ma'aunin masu hoto bai wuce milimita 24 zuwa 26 ba, alhali masu sana'ar hoton tsuntsaye da gilashin milimita 400 zuwa 600 suke aiki. Shi kuma asisi, daga baki zuwa wutsiya, kusan santimita 13 ne kacal. Idan ka ja zum da yatsu a wayar da ba ta da gilashin hangen nesa na musamman, ba kusanto da tsuntsun take yi ba, tsakiyar hoton take yankowa ta buɗa shi. Zum ninki 10 na nufin kashi 1 cikin 100 na hoton aka bar maka, wato megafiksel 50 ɗin nan sun koma rabin guda. Dishi-dishin ke nan.

Saboda haka ka daina bin tsuntsu, ka sa shi ya zo inda kake so. Babu abin da ke jawo su kamar ruwa, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40. Ka samu kasko mai faɗi, ka zuba ruwa wanda zurfinsa bai wuce gaɓar yatsa ba, ka sa dutse a tsakiya don su samu wurin tsayawa. Ka ajiye shi kusa da darbejiyar, domin ƙaramin tsuntsu ba ya sakin jiki in ba ya ganin inda zai gudu ya ɓuya. A gefen kaskon ka kafa busasshen reshe mai kyawun siffa. Galibi a kansa za su fara sauka su duba hanya kafin su sha, kuma a nan hoton yake. Ɗan gero ko tsaki a ƙasa zai ƙara jawo baiwar Allah da gwara.

Bayan 'yan kwanaki, in sun saba, sai ka girke wayar a kan maɗori mai ƙafa uku ko ka tokare ta da bulo, tazarar taku ɗaya daga reshen. Ka koma cikin ɗaki da ɗan rimot na bulutut irin wanda ke zuwa da sandar selfi, yana aiki har nisan kusan mita 10. In babu rimot, kunna bidiyo a 4K, wato saitin bidiyo mai tsabta sosai, ka bar ta, daga baya ka tsayar da bidiyon inda ya yi kyau ka cire hoto. Kowane hoto na 4K ya kai megafiksel 8, ya fi abin da zum zai ba ka nesa ba kusa ba. Ka sa wayar a inuwa don kada ta yi zafi ta kashe kyamarar. Ruwan kuma a sauya shi kullum saboda sauro da cutar tsuntsaye, a kuma lura da kyanwa.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Jega. Ina samun kusantar su, amma kai ko fiffike kullum a goge yake fitowa, wani lokaci kuma tsuntsun baƙi ƙirin.

Malama, matsala biyu ce. Ta farko saurin motsi. Kyamara takan buɗe ido ta rufe, kuma duk motsin da aka yi kafin ta rufe gogewa yake zama. In wayarki na da sashen Pro, nemi harafin S, wato saurin rufe idon kyamarar, ki sa shi a 1/1000 na daƙiƙa. Tsuntsu mai tashi yana son 1/2000 ko fiye. Hoton zai yi duhu, sai ki ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamarar, a hankali. A yawancin wayoyi, da an wuce 800 hoto yake fara yin tsakuwa-tsakuwa, shi ya sa haske mai kyau ya fi kowane saiti. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar, ranar tana bayanki, tsuntsun yana gabanki. Hasken tsakar rana yakan ƙona launi ya jefa inuwa a ido.

Kada ki dogara da hoto ɗaya. A Samsung a kan ja maɓallin ɗauka ƙasa a riƙe, a iPhone a ja shi hagu, sai wayar ta jero hotuna da yawa ki zaɓi wanda ido ya fito tangaran. In idon ya fito, ko wutsiya ta ɗan goge hoton ya yi.

Baƙin kuma sama ce ke jawo shi. In tsuntsu yana saman reshe, farin sama na bayansa, kyamara sai ta rage haske gaba ɗaya. Ki taɓa tsuntsun a fuskar wayar, ki ja alamar rana sama kaɗan. Abin da ya fi ma, ki gusa har ganye ko katanga mai nisa ta zama a bayansa, kuma ki daidaita wayar da tsayin idonsa ko da durƙusawa za ki yi.

Tambaya: Daga Argungu nake. Ina son fita fadama ɗaukar hoto. In sayi ɗan gilashin da ake maƙala wa waya mai rubutun 12x, ko in tara kuɗin kyamara?

Ɗan'uwa, masu arhar nan na kasuwa ban ba ka shawara ba. Tsakiyar hoton kaɗai ke fitowa, gefe duk a goge, kuma da hannu ake saita su, kafin ka gama tsuntsu ya tashi. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya fi su amfani: ka koyi ganin tsuntsaye da shi, ka kuma iya ɗora kyamarar waya a bakinsa ka ɗauki wanda ke zaune.

In kyamara za ka saya, duba na hannu. Nikon Coolpix P900, wadda ta fito a 2015, tana da zum na gaske ninki 83, Canon SX70 HS kuma ninki 65. A hasken rana suna aiki sosai, da duhu ya fara sai su yi rauni. Ɗaya hanyar ita ce tsohuwar kyamara mai sauya gilashi, irin Nikon D3300, da gilashin milimita 70 zuwa 300. Kafin ka biya, haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai farin zare-zare na fumfuna, ka gwada ko tana saita kanta da sauri, ka tambayi lafiyar batir. Da hunturu kada ka cire gilashi a fili, ƙurar tana shiga ta zauna, sai ka riƙa ganin ɗigo a kowane hoto.

Fadamar Argungu kuwa ta wadatar da kai. Da damina mulufi yake sa jar rigarsa yana tsayawa a kan ciyawa a bakin gonakin shinkafa, zalaiɗu ya fito da doguwar wutsiya, kabare na saƙa a bishiyoyin bakin ruwa. In rani ya shigo duk sukan koma launin ƙasa, har ka ɗauka wasu ne dabam. Daga Oktoba zuwa Maris kuma akwai baƙi masu tsallako Sahara daga Turai. Ka sa tufa marar haske, ka zauna wuri guda ka jingina da bishiya, su za su matso. Ka tafi da ɗan gari, ka nemi izinin mai gona, kada ka shiga dajin da mutanen wurin suka ce ba lafiya, kuma kada ka nuna dogon gilashi wajen shingen jami'an tsaro.

Tambaya: Na ga sheƙa da 'ya'ya a ciki. Ya halatta in matsa in ɗauka? An kuma ce in na kunna kukan tsuntsu a waya zai fito.

Ka bar su duka biyun. In ka tsaya kusa da sheƙa uwa ba za ta sauko ba, a zafin nan kuma 'ya'yan ba sa jure jira. In ka karya ganye don hoto ya fito, ka buɗe wa hankaka da rana, ka kuma nuna wa yara masu danƙo hanya. Kukan waya kuwa, namiji yana ɗauka kishiya ce ta shigo masa gida, sai ya bar ciyar da 'ya'ya yana neman faɗa da abin da babu.

Tambaya: Ta yaya zan san sunan tsuntsun da na ɗauka, kuma me ya sa hoton ke lalacewa in na tura a WhatsApp?

Sauke manhajar Merlin Bird ID. Kyauta ce, daga cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka. Ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu sau ɗaya inda akwai intanet, daga nan za ka iya ba ta hoto ta kawo maka waɗanda suka yi kama da shi ko babu data. Sunan Turanci za ta ba ka. Na Hausa ka nuna wa dattawan manoma da masunta, ka rubuta abin da suka faɗa, domin suna yakan bambanta tsakanin Argungu da Yawuri. In abin ya kama ka, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa-kai ne ke tura mata abin da suka gani, don haka ka riƙa ajiye kwanan wata da wurin kowane hoto.

WhatsApp yana matse hoto ne don rage data, gashin tsuntsu kuma shi ke fara ɓacewa. Danna HD kafin ka tura don rage matsewar, ko ka aika shi a matsayin fayil, wanda zai isa yadda ka ɗauke shi. Na asalin kuma ka ajiye kwafinsa a kwamfuta ko katin ajiya kafin ka yanke shi ko ka taɓa launinsa.