Yanke kunnuwan tsohon birki daga jikin keken hawan tudu

Ɗan'uwa daga Garwa, ka ce ka koma birkin faifai, kana tambaya ko za ka iya cire kunnuwan tsohon birkin, wato ƙusoshi biyun da aka ɗaura shi a kai, da suka rage a jikin keken. Za ka iya, amma fara gwada sufana: a yawancin kekunan alminiyam ƙusoshin nan biyu ɗaure suke da zare, kwancewa kawai suke so.

Gindin ƙusoshin, wanda aka yi wa walda a jikin bututun keken, shi ne aikin. Naɗe bututun da salatif, ka yanka da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, ka bar kamar milimita 2. Sauran ka ci shi da magagari a hankali, sannan takardar yashi lamba 240 zuwa 400. Kada ka kawo injin gurza kusa. Kaurin bututun bai fi milimita ɗaya ba a wasu wurare, ƙaramin zamewa ya isa ya bar tabon da zai tsage a hanyar duwatsun Kapsiki da ke arewacin Kamaru. Wutar mai walda kuwa tana kashe ƙarfin alminiyam, a manta da ita.

In keken na baƙin ƙarfe ne, shafa fenti nan take, kafin damina ta kawo tsatsa. In na kabon ne, wato zaren kabon da aka haɗa da gam maimakon ƙarfe, kada ka taɓa.

Ramukan ɗaura gorar ruwa da ke jikin keken kuma, in ba ka amfani da su, toshe su da ƙusa M5 (mai zare, kaurin milimita 5), nauyinsu bai kai abin wahala ba.