Tambaya da Amsa: Akwai Inda Aka Rubuta Wanda Na Zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Nakan ji Amurkawa suna jero 'yan takarar shugaban ƙasa da suka zaɓa tun suna samari. Wannan ya ce da Reagan ya fara, daga baya ya koma wajen Bill Clinton, wancan ya ce bai taɓa barin jam'iyyarsa ba. Akwai kundin da ake dubawa a tabbatar da maganar, ko kuwa faɗa ce kawai? Daga wani ɗalibin kimiyyar siyasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tarihin zaɓen mutum gida biyu ne, kuma ɗaya kaɗai ke hannun hukuma. Na farko shi ne cewa ka fito ka jefa ƙuri'a. Wannan a rubuce yake. Wata dokar tarayya ta 2002 ta wajabta wa jihohin Amurka ajiye rajistar masu zaɓe a kwamfuta, ban da North Dakota da ba ta yin rajista sam. Rajistar na ɗauke da suna, da adireshi, da jerin zaɓukan da mutum ya halarta, a wurare da yawa har da hanyar da ya bi: rumfa ya je ranar zaɓe, tun da wuri ya yi, ko ta gidan waya ya aika. Jam'iyyu da 'yan takara na iya samun wannan jerin a yawancin jihohi, da shi ne ma suke sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Gida na biyu shi ne wanda ka zaɓa, wannan kuwa babu shi a kowane kundi. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunanka, da zarar ta shiga akwati ta saje da sauran. Ko a ƙuri'ar gidan waya haka ne. Sa hannu yana bayan ambulan ɗin waje, ma'aikata su duba shi, su rubuta cewa wane ya yi zaɓe, sannan a raba ambulan da takardar da ke ciki kafin ƙirga. Wasu jihohin ma ambulan biyu suke bayarwa. A Pennsylvania a 2020, wanda ya manta bai sa takardarsa a ƙaramin ambulan na ciki ba, ba a ƙirga ƙuri'arsa.

Don haka idan mutum ya ce Reagan ya yi a 1984, sai dai ka ɗauki maganarsa, ka kuma yi mata ragi. John Kennedy ya ci zaɓen 1960 ba tare da ya kai kashi 50 cikin 100 ba, amma bayan an kashe shi a 1963, sama da kashi 60 na waɗanda aka tambaya cewa suka yi shi suka zaɓa. Ba lallai ƙarya suka shirya ba. Zuciya ce ke karkata wajen wanda ya yi nasara ko wanda ake tausayi. Haka kuma masu cewa sun fita zaɓe kullum sun fi waɗanda suka fita yawa.

Tambaya: To idan sirri ne, yaya aka yi 'yan jarida ke cewa wane ɗan Republican ne, wance 'yar Democrat? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, sirrin yana kan takardar ne kawai, sawun da mutum ya bari a gefe ba sirri ba ne. A jihohi kusan 30 ana tambayar jam'iyya a fom ɗin rajista, abin da ka cike kuma yana zama a kundi. A wasu jihohin, irin su Ohio, ba a tambaya, amma ranar zaɓen fid da gwani sai ka faɗi takardar jam'iyyar da kake so, a rubuta. Sai kuɗi: duk wanda gudummawarsa ga ɗan takarar shugaban ƙasa ta haura dala 200, sunansa da sana'arsa suna fita a rahoton hukumar da ke sa ido kan kuɗin kamfe, kowa na iya dubawa a intanet.

Duk waɗannan alamu ne, ba hujja ba. Mai rajistar Democrat na iya shiga bayan labule ya zaɓi ɗan Republican, kuma an yi haka da yawa a zamanin Reagan.

Inda asiri ke tonuwa da gaske shi ne rumfar da ba ta da jama'a. Akwai wani ɗan ƙauye a New Hampshire, Dixville Notch, da ke yin zaɓensa da ƙarfe 12 na dare. A 2020 mutum biyar ne suka jefa ƙuri'a, aka buɗe akwati, duka biyar na Joe Biden. Babu wanda ya leƙa takardar wani, amma kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya yi. A 2024 da suka zama shida, aka tashi uku da uku tsakanin Kamala Harris da Donald Trump, sai rufin asiri ya ɗan dawo.

Tambaya: Kawuna ya daɗe da zama ɗan ƙasa a can, yana so ya rubuta wa jikokinsa zaɓukan da ya yi, amma shekarun sun cakuɗe masa. Ta ina zai fara? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, ya fara da shekaru kafin sunaye. Zaɓen shugaban Amurka yana faɗowa ne a shekarar da 4 ke raba ta ba saura, 1992, 1996, 2000, haka har 2024, ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba. Ya jera su, ya soke duk waɗanda suka gabaci ranar da ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, domin mai katin zama kawai ba ya zaɓen shugaba. Ga haifaffen ƙasar, shekara 18 ce iyaka tun gyaran tsarin mulki na 1971, kafin nan 21 ce a yawancin jihohi.

Daga nan ya rubuta inda yake zaune a kowace shekarar, domin babu kundi guda na ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da nata, wanda ya ƙaura zuwa wata jiha kuma tarihinsa ba ya bin sa. Sai ya nemi ofishin zaɓe na kowace gunduma da ya zauna, ko shafin jihar na intanet. Matsala biyu zai iya cin karo da su. Tsofaffin bayanan da aka yi a takarda ba lallai an shigar da su kwamfuta ba. Sannan idan ya ƙaura, aka aika masa takardar tabbatar da adireshi bai amsa ba, ya kuma tsallake manyan zaɓukan tarayya biyu, doka ta yarda a cire sunansa. Kada ya wahalar da kansa neman takardun ƙuri'ar. Watanni 22 dokar tarayya ta ce a ajiye su, kuma ko an same su babu mai nuna tasa.

A gaban kowane suna ya ƙara dalili, ko da layi ɗaya ne. Suna shi kaɗai yana ruɗi. A Faransa a 2002 Jacques Chirac ya ci zagaye na biyu da kashi 82 cikin 100, alhali da yawa daga masu zaɓensa 'yan adawarsa ne da suka fito don kada Jean-Marie Le Pen, ɗan takarar masu tsattsauran ra'ayi, ya hau. Jikan da ya ga "Chirac" a jerin kakansa ba tare da bayani ba zai ɗauka masoyinsa ne.

Tambaya: Wani ya ce sau biyu wanda ya zaɓa yana fin yawan ƙuri'u kuma ya faɗi. Anya?

Amsa: Ƙwarai, Malam, idan Al Gore ya zaɓa a 2000 da Hillary Clinton a 2016. Wakilan zaɓe 538 ne ke naɗa shugaba, mai 270 shi ya ci, kuma ban da Maine da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta duka. Gore ya fi George W. Bush da ƙuri'u sama da 500,000 a faɗin ƙasa, amma Florida ta kuɓuce masa da tazarar ƙuri'u 537, aka tashi Bush na da wakilai 271, Gore 266. Clinton ta ba Trump tazarar kusan miliyan 2.9, amma a wakilai Trump ya samu 304, ita kuma 227. Wanda ya bi Ross Perot, ɗan takara mai zaman kansa, a 1992 ya fi su shan kaye: kusan kashi 19 cikin 100 ya samu, bai tsira da wakili ko ɗaya ba.